Shekaru da Kakin Soja: Tarihin Ƙa'idar Shekarun Shiga Aikin Hafsa ga Injiniyoyinmu

Akwai wata magana da ta daɗe tana dawowa duk lokacin da muka zauna taron ƙungiya, ko kuma ana hira a ƙofar masallaci bayan la'asar. Uba zai ce ɗansa ya gama jami'a, ya zama injiniya, ya yi hidimar ƙasa, ga shi da ƙoshin lafiya da sha'awar aikin soja, amma da aka fitar da sanarwar ɗaukar hafsoshi sai aka tarar shekarunsa sun gota da wata huɗu ko biyar. Shi ke nan, ƙofa ta rufe. Wasu su ce ai makirci ne, wasu su ce rashin uwa a gindin murhu ne. To, kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu waiwaya baya mu ga inda wannan ƙa'ida ta samo asali, da dalilin da ya sa ta fi cizon 'ya'yanmu mazauna zango.

Zamanin da ba a tambayar shekaru

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, tushen sojan Nijeriya a nan Kudu aka dasa shi, kuma da Hausawa mazauna Kudu aka dasa shi. A shekarar 1863 wani hafsan jiragen ruwan Ingila mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa kaɗan a Ikko, ya ba su bindiga da horo, aka riƙa kiran su Hausawan Glover. Daga wannan ɗan gungu aka sami rundunar dogarawan Hausa ta Ikko, daga bisani a 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma. Shekaru masu yawa bayan haka Hausa ce harshen bariki, da ita Bature yake magana da kurtu ko daga wace ƙabila ya fito.

A wancan zamani ba wanda zai tambayi kurtu takardar haihuwa, don babu ita. A dubi tsawonka da faɗin ƙirjinka, likita ya ƙwanƙwasa ka, in an ga ka isa ɗaukar bindiga da kaya, an ɗauke ka. Haka kakanninmu suka tafi yaƙin Jamus a Kamaru da Gabashin Afirka, haka kuma iyayenmu suka tafi Boma a Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai fa duk waɗannan mutane ƙananan soja ne. Iyakar inda baƙar fata zai kai shi ne Saje ko Samanja. Hafsa kuwa Bature ne, daga Ingila yake zuwa da anininsa a kafaɗa. Saboda haka maganar shekarun shiga aikin hafsa ba ta ma taso ba, tun da ƙofar ba a buɗe take ba balle a yi mata awo.

Hafsoshin farko da hanyoyi biyu

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne aka fara ba 'yan ƙasa muƙamin hafsa. Na farkon su, irin su Wellington Bassey da Aguiyi Ironsi da Samuel Ademulegun, waɗanda suka sami anini a 1949, tsofaffin soja ne da suka taso daga ƙasa, aka tura su gajeren kwas a Ingila. Daga nan sai aka buɗe hanya ta biyu, wato a ɗauko yaro ɗanye daga makarantar sakandare, a fara gwada shi a Teshi ta ƙasar Gana, in ya ci a wuce da shi Sandhurst ya yi kusan shekara biyu. Zakariya Maimalari da Umar Lawan, ɗaliban kwalejin da muka sani da Barewa, su ne suka fara fitowa ta wannan hanya a 1953. Yakubu Gowon ya bi sawunsu, ya shiga soja a 1954 yana ɗan shekara 19 zuwa 20.

A nan ne takardar shekaru ta fara aiki. Ingilishi sun zo da tsarinsu na gida: hafsa na dindindin ana kama shi tun yana ɗanye, a tanƙwara shi yadda ake so, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya wuce shekara 22 an ɗauka ya bushe.

Amma da 'yancin kai ya matso sai lissafi ya canza. A 1960 hafsoshi Turawa sun haura 200, 'yan ƙasa kuwa ba su kai 100 ba, ga shi ana gaggawar sallamar Turawan. Me aka yi? Sai aka sassauta sharuɗɗan jarrabawa, aka ɗaga iyakar shekarun shiga daga 22 zuwa 25, aka buɗe kwalejin horon soja a Kaduna a 1960, aka riƙa tura matasa gajeren kwas na 'yan watanni a Mons ta Ingila. A 1961 kuma, zamanin da Alhaji Muhammadu Ribaɗu yake ministan tsaro, aka shigo da tsarin kaso: rabin guraben hafsoshi na Arewa, kwata na Gabas, kwata na Yamma. Ta wannan ƙofa ce su Muhammadu Buhari da Ibrahim Babangida suka shiga a 1962. A farkon 1965 babban kwamanda Bature na ƙarshe, Welby-Everard, ya miƙa wa Ironsi ragama.

Mai karatu ya lura da wannan da kyau, don shi ne ginshiƙin maganarmu. Ƙa'idar shekaru ba aya ba ce da aka saukar. Lokacin da soja ke neman mutane ido rufe, ƙofar faɗaɗa ta ake yi. Lokacin da mutane ke neman soja ido rufe, sai a ƙuntata ta.

Ina masu digiri, ina injiniyoyi?

A waɗancan shekaru mai digiri ba ya kallon aikin soja. Wanda ya fito daga jami'ar Ibadan, ga ta nan kusa da mu, mota da gidan gwamnati ke jiran sa. Shi ya sa da Emeka Ojukwu, wanda ya karanta tarihi a Oxford, ya shiga soja a 1957, aka yi ta mamaki. Har zuwa juyin mulkin Janairu 1966 hafsoshin fagen fama masu digiri ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba.

Injiniyoyin soja na farko kuwa ba daga jami'a aka ɗauko su ba. Soja ce ta ɗauki yaranta ta mayar da su injiniyoyi. Victor Banjo, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci sashen injiniyoyin lantarki da na'urori, yana cikin kaki ya yi karatun injiniyansa a Ingila. Olusegun Obasanjo ya shiga soja a 1958, ya bi ta Teshi da Mons, sannan aka tura shi makarantar injiniyoyin soja ta Chatham a Ingila, daga baya kuma Puna ta ƙasar Indiya. Murtala Muhammed bayan Sandhurst ya koyi aikin sadarwa a Catterick. Manjo-Janar Mamman Kontagora, wanda ya riƙe ma'aikatar ayyuka da gidaje zamanin Babangida, shi ma daga sashen injiniyoyin soja ya fito. Wato su duk soja suka fara zama, injiniya ya biyo baya.

Wani abin ban dariya game da Obasanjo, shi da bakinsa ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai san ainihin ranar haihuwarsa ba. Takardunsa sun ce 1937, amma abin da mahaifiyarsa ta iya tunawa shi ne ranar kasuwar Ifo ce. To, da a yau ne, da kwamfuta ta sa shi a gaba da tambaya.

Yaƙin basasa ya nuna wa kowa darajar injiniya. A 1967, da dakarun Biyafara suka karya gadar Kwara ta Anacha, gadar da ba ta fi shekara biyu da buɗewa ba, runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala ta yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin da jiragen ruwa, aka yi asarar rayuka da kayan yaƙi masu yawa. Gada ɗaya ta tsayar da runduna guda. Kafin yaƙin sojan Nijeriya kusan 10,000 ne, da aka gama a Janairu 1970 sun kai wajen 250,000. A tsakanin nan an ba mutane da dama anini cikin gaggawa, wasu bayan kwas na 'yan watanni, wasu ma a fagen daga. Nan ma ƙofa ta faɗaɗa don buƙata.

Da ƙura ta lafa sai aka koma rage yawan soja da gyara tsari. Makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, an buɗe ta tun Fabrairu 1964 da taimakon ƙasar Indiya, har ma kwamandanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya M. R. Varma. A 1985 ta fara koyar da karatun digiri, saboda haka yaron da ya shiga daga sakandare zai iya fitowa da anini da digirin injiniya a lokaci guda. A ɗaya gefen kuma jami'o'i sun yawaita, aikin gwamnati ya yi wuya tun daga matsin tattalin arzikin shekarun 1980, masu digiri suka fara yin layi a ƙofar bariki. Abin da a da ake roƙon mutum ya karɓa, ya koma abin da dubbai ke kokawa a kansa.

Ƙofofi uku, kowace da awonta

Daga wannan tarihi ne aka sami ƙofofi uku da muke da su a rundunar sojan ƙasa. Ta farko ita ce kwas na dindindin a NDA, na yaran da suka gama sakandare. An daɗe ana ɗaukar 'yan shekara 17 zuwa 21, su yi shekara biyar. Wannan ita ce jikar hanyar su Maimalari, kuma mafi yawan manyan kwamandoji ta nan suke fitowa.

Ta biyu ita ce gajeren kwas na hafsoshin fagen fama, wanda ake kira SSC, na masu digiri ko babbar difloma. A sanarwar 'yan shekarun nan an nemi 'yan shekara 23 zuwa 27. Injiniya yana iya bi ta nan, amma a matsayin mayaƙi za a horar da shi.

Ta uku ita ce ta ƙwararru, wadda ake kira DSSC. Nan ne ake ɗaukar likita don likitancinsa, lauya don lauyancinsa, injiniya don aikin injiniyansa, a ba shi horo na watanni, ya fito da muƙamin Laftanal. A sanarwar 2024 an sa shekara 20 zuwa 32, amma manyan likitoci ƙwararru aka ba su har 40. Me ya sa aka ɗaga wa likita ƙafa, ba a ɗaga wa injiniya ba? Amsar tana cikin tarihin da muka bayar. Ƙwararren likita ba ya samuwa da sauƙi, kuma karatunsa ba ya ƙarewa da wuri. Injiniyoyi kuwa jami'o'i da kwalejojin fasaha na yaye su dubbai duk shekara. Sojan sama da na ruwa kowa da nasa awon, kuma waɗannan alƙaluma suna motsawa daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar shekarar da mutum zai nema ita ce alƙali. Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ne. A Indiya, wadda ta taya mu kafa NDA, injiniya mai digiri da ke son zama hafsan sojan ƙasa sai ya kasance tsakanin shekara 20 da 27. In aka kwatanta, namu ma da sauƙi.

Dalilan iyakar ba ɓoyayyu ba ne. Akwai na jiki, don horon soja ba wasa ba ne, kuma gwiwar ɗan shekara 35 ba ta ɗan 23 ba ce. Akwai na tsani, don kowane muƙami yana da shekarun da in hafsa ya kai bai sami ƙarin girma ba sai ya yi ritaya, ga kuma iyakar shekara 35 ta aiki. Wanda ya fara Laftanal a makare, ritaya za ta cim masa tun bai hau ko'ina ba. Akwai kuma na kuɗi, don hukuma na son ta ci moriyar abin da ta kashe wajen horar da mutum shekaru masu yawa.

Inda gizo ke saƙar a wajenmu

Yanzu mu dawo gida mu yi lissafi. Ɗan maƙwabcinmu Bayarabe a Mokola ya shiga firamare yana shekara 6, ya gama sakandare yana 18. Digirin injiniya shekara biyar ne, ba huɗu ba, ya gama yana 23. Ya yi hidimar ƙasa, wadda gwamnatin Gowon ta kafa a 1973, ya fito yana 24. Ƙofa ta biyu a buɗe take gare shi shekara uku, ta uku kuwa shekara takwas. In ya faɗi bana ya sake baɗi.

Namu fa? Sau da yawa sai ya yi nisa a allo, ko an kai shi Arewa wajen malam ya dawo, sannan a sa shi boko yana shekara 9 ko 10. Ya gama sakandare yana 22. Ya yi shekara biyu yana fama da jarrabawar shiga jami'a, ko yana taya uba tsaron rumfa a kara ko shagon canji. Ya shiga jami'a yana 24. Sai yajin aikin malaman jami'a ya ci nasa rabo: na 2013 ya haura wata biyar, na 2020 wata tara, na 2022 wata takwas. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati a 2018 ya yi asarar wata 17 a yaji biyu kawai. Ga shi nan ya gama yana 30 ko 31. Ƙofa ta farko ta rufe tun yana sakandare, ta biyu ta rufe yana aji uku, ta uku kuwa saura dama ɗaya ko biyu, in ma an fitar da sanarwa a shekarar.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a bar karatun Alƙur'ani ba, Allah ya kiyaye. Shi ne gadonmu, shi ya riƙe mu a wannan unguwa tun da aka kafa ta a 1916. Abin da nake cewa shi ne ba dole sai an gama ɗaya ake fara ɗaya ba. Allo da asuba da yamma, boko da hantsi, ai mun ga gidajen da suka haɗa biyun kuma yaransu suka sauke suka kuma yi digiri a kan kari.

Matsala ta biyu ita ce takardar asali. Kason 1961 bai mutu ba, riga ya sake. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi, na 1999 kuma a sashe na 217 ya ce dole tsarin hafsoshi da ƙananan soja ya nuna wakilcin sassan ƙasa. Saboda haka jiha-jiha ake ɗauka, kuma kowa sai ya kawo shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. To, yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa a Sabo, ina ne asalinsa? A nan sau da yawa a ce masa ya tafi garin kakansa. Ya je Kano ko Katsina ko Haɗeja, a ce ya kawo mai unguwar da ya san gidansu, alhali rabon gidan da garin shekara 70. Kafin ya gama zirga-zirga makonnin da aka ɗiba na cike takarda sun ƙare. Ga wanda yake da shekara takwas a gaba wannan ɗan tuntuɓe ne. Ga wanda ya rage masa dama ɗaya, ƙarshen magana ke nan.

Maganar rage shekaru

Dole mu taɓo wannan, ko da ba ta da daɗin ji. Da yake yawancin iyayenmu ba su yi wa haihuwa rajista ba, an saba zuwa kotu a yi takardar rantsuwar shekaru. Asalinta halal ce, don wanda ba shi da takardar haihuwa aka yi ta. Amma kowa ya san yadda aka mayar da ita almakashi, ɗan 34 ya shiga kotu ya fito ɗan 28. A da hakan na wucewa, don fayil ɗin Ibadan bai san na Kaduna ba. Yau ba haka ba ne. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa ƙarƙashin hukumar ƙidaya, tun 2021 kuma ba a rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ranar haihuwar yaro tana kan takardar sakandarensa, tana wajen hukumar jarrabawa, tana banki, tana wajen hukumar hidimar ƙasa. Ranar tantancewa za a jera su gaba ɗaya, in ɗaya ta saɓa wa sauran an sallame shi. Wanda ma ya zille ya shiga, ranar da asiri ya tonu kora ce da kunya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Balle kuma mu Musulmi, rantsuwa a kan ƙarya mun san matsayinta, kuma albashin da aka gina a kanta shekara 30 abin tsoro ne.

Abin da ya rage gare mu

Tarihi ya nuna mana cewa wannan ƙofa ta taɓa faɗaɗa a 1960, ta sake faɗaɗa a yaƙin basasa, amma ba don tausayin kowa ba, don buƙata ne. Yau masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, don haka kada mu zauna jiran a ɗaga mana ƙafa. Shekarun da ɗanmu yake rasawa a ƙofar bariki yana ɗan 33, tun yana ɗan 6 muka zubar da su.

Saboda haka shawarata ga iyaye, a yi wa jariri takardar haihuwa tun kafin a gama cin naman suna, a sa ranar gaskiya, kuma ita za a riƙa rubutawa ko'ina. A sa yaro firamare a kan lokaci. Wanda aka ga yana da sha'awar kaki tun yana sakandare, a nuna masa hanyar NDA, don a can zai sami injiniyancin da aninin tare. Ga shugabannin ƙungiya kuma, tare da fadar Sarkin Hausawa, ya kamata a sa wasu mutum biyu ko uku cikin 'yan bokonmu da tsofaffin sojanmu su riƙa bin sanarwar ɗaukar hafsoshi, su kuma taimaka wa kowane ɗalibi ya mallaki takardar asalinsa tun yana aji ɗaya a jami'a, ba sai ranar da aka buga ganga ba. Ku kuma samari masu karatun injiniya, ku ƙirga shekarunku yau, ku san ƙofar da ta rage muku, ku riƙa motsa jiki, ku nema tun a karon farko da kuka cancanta.

Kakanninmu ne suka fara ɗaukar bindigar wannan runduna a Ikko shekara 160 da 'yan kai da suka wuce, ba a ba su damar ɗaura anini ba. Jikokinsu an ba su, sai dai da sharaɗin su zo a kan lokaci. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su amfani addini da ƙasa, ya kuma ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.